Kiwon Kaji a Tsakar Gida: Daga Ɗan Tsako Zuwa Tsohuwar Kaza

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuka iri ɗaya ake ji gida-gida: kaji sun ƙare. Uwargida ta sha wahalar tara kaji tun farkon damina, ta fara lissafin kuɗin makarantar yara ko 'yar akuyar da za ta saya, sai cikin mako guda akurki ya zama wayam. A jajanta mata, a ce annoba ce, a ba ta haƙuri. Haƙuri kam wajibi ne, amma gaskiyar magana ita ce mafi yawan wannan asara ana iya tare ta, kuma da kuɗin da bai kai farashin kaza ɗaya ba.

Kajin gida ba rashin magani ne ya fi kashe su ba. Rashin lura ne: ruwan da ya kwana uku a kasko, wurin kwana mai laima, baƙuwar kaza da aka saki cikin garke ranar da aka sayo ta, da rigakafin da ba a tuna da shi sai mutuwa ta fara. Tun da a gidajenmu mata ne suka fi riƙe kaji, da ke zan yi magana, uwargida, amma maigida da yara su ma su saurara, don aikin ya shafe su.

Mataki na farko: san kazar da za ki ajiye

Kazar Hausa ita ce mafi sauƙin riƙo. Tana nemo rabin abincinta da kanta, tana jure zafi, tana kwanci, tana renon 'ya'yanta. Sai dai ƙwanta kaɗan ne, tsakanin 40 zuwa 60 a shekara, a zubi 3 ko 4. Kajin Fulani sun ɗan fi girman jiki, masu tsiraicin wuya kuma sun fi jure zafin bazara. A ɗaya gefen akwai kajin gidan gona masu ƙwai, waɗanda kan fara saka ƙwai suna da mako 18 zuwa 20, su yi kusan 300 a shekara, amma fa sai an tsare su an ba su cikakken abinci kullum, kuma galibinsu ba sa kwanci. Tsakanin waɗannan biyu akwai irin su Noiler da FUNAAB Alpha, waɗanda aka samar don su yi kiwo a tsakar gida su kuma fi na Hausa nama da ƙwai. Akwai kuma Shikabrown, kazar ƙwai da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta samar daidai da yanayinmu.

Shawarata ga mai farawa: sagaru 5 da zakara 1 na gida, daga hannun wanda kika san kajinsa. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Idan zakaru suka yi yawa faɗa za su yi ta yi, su kuma fige bayan matan. Duk shekara ɗaya ko biyu ki sauya zakara da na wani gari ko wata unguwa, don idan uba ya ci gaba da bin 'ya'yansa, 'yan tsakin kan fito da rauni.

In kuwa dole sai kasuwa, ki ɗaga kazar da hannunki. Ido ya zama garau, hanci a bushe, zanko ja, gashin gindi tsaf ba kashi manne. Ki shafa ƙirjinta: idan ƙashin ya fito tsini ba tsoka a gefensa, ajiye ta. Da kin kawo ta gida kuma, ko ta kasuwa ce ko ta kyauta daga 'yan uwa, ki killace ta ita kaɗai nesa da sauran har mako 2 zuwa 3. Mutane suna raina wannan mataki, alhali ta nan cuta ta fi shigowa, musamman gab da Sallah da Kirsimeti, lokacin da kajin garuruwa daban-daban ke cakuɗuwa a kwando ɗaya, wasu ma don sun fara ciwo aka kai su kasuwar.

Mataki na biyu: wurin kwana

Kaza ba ta buƙatar gini mai tsada. Abu huɗu take nema: bushewa, iska, tsaro, da wurin da hannunki zai kai ki share. Akurkin ƙasa da aka saba yi, mai 'yar ƙofa ɗaya, yana tsare muzuru amma yana da illa biyu: iska ba ta ratsa shi, kuma ba a iya share cikinsa, sai kashi ya taru, kaska da ƙuma su yi gida a tsagogin bango. Idan shi kike da shi, a yi masa murfi da ake ɗagawa daga sama, a huda ƙananan tagogi a kusa da rufi a sa musu raga, a yaɓe tsagogi, a shafe ciki da farar ƙasa. Idan sabo za a yi, a ɗaga shi daga ƙasa, a juya bayansa ga gabas da arewa inda iskar hunturu da ruwan damina suke bugowa. Rufin kwano zalla yana gasa kaji a watan Afrilu, sai a shimfiɗa masa zana ko ciyawa a kai.

Kada kaji su wuce 4 a faɗin mita ɗaya murabba'i. A gitta musu sanda mai kaurin ƙotar fartanya su hau su kwana, kowace ta samu kamar taƙi guda. A zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, da zarar ta jiƙe ko wari ya fara tashi a kwashe. Idan kin sunkuya cikin akurki idonki ya yi yaji, ki sani huhun kaji ya daɗe yana shan wannan. Kashin da kika kwashe kuwa kada a zubar, a tara shi ya ruɓe, taki ne mai ƙarfi ga gona da lambu.

Ki tanadi gurbi ɗaya ga kowace kaza 4 ko 5, a lungu mai duhu: tsohuwar tukunya, kwando ko kwali da busasshiyar ciyawa. A wani gefe mai inuwa kuma ki tara yashi gauraye da tokar murhu. A nan za su yi birgima, kuma wannan birgimar ita ce wankansu, ita ke rage musu kwarkwata.

Agwagi da talo-talo a raba musu makwanci da kaji. Agwagwa takan ɗauki cuta tana yawo lafiya lau, kaza ta kwasa ta mutu.

Mataki na uku: ruwa, sannan abinci

Na sa ruwa a gaba da gangan. Kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, a bazara kuma fiye da haka nesa. Ba ta yin gumi. Zafin jikinta ya kai maki 41, kuma ba ta da hanyar rage shi sai haki da buɗe fuka-fukai. Yini ɗaya ba ruwa ya isa ya tsayar da ƙwai na kwanaki. Ki wanke mazubi kullum da safe, ki ajiye shi a inuwa, ki sake ruwan da rana idan ya ɗumama, don kaza ba ta son ruwan ɗumi. An ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to ba shi kaɗai ba, har tsuntsayen daji, su kuma sukan bar cuta a ciki. Mazubin roba mai kifewa da ake sayarwa ya fi kasko buɗaɗɗe. In babu, a ɗora kaskon a kan bulo yadda ba za su taka ciki ba. Ruwan kwata da na wanke-wanke mai sabulu ba ruwan kaji ba ne.

Abinci kuwa, kuskuren da ya fi yawa shi ne a watsa dusa ko tsaki a ɗauka an gama. Hatsi ƙarfi yake bayarwa, amma ƙwai da tsoka da gashi furotin ne ke gina su, ɓawon ƙwai kuma kalsiyam ne, kusan giram 2 a kowane ƙwai. Da damina kazar da ke yawo tana samun ƙwari, tsutsa da ɗanyen ganye, sai ta wadatu da ɗan ƙari, kamar cikin tafin hannu ɗaya safe da yamma. Bayan girbi ma akwai zubabben hatsi. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa ne tsakar gida ke zama fako, kuma a lokacin ne ya kamata ki ƙara hannu. Ki riƙa ba su na yamma a bakin akurki. Da kansu za su saba dawowa, ke kuma ki samu damar ƙirga su ki ga wadda ba ta ci.

Kajin da aka tsare ba sa fita, komai daga hannunki yake. Mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kimanin gwangwanin madara ɗaya da ɗan ɗori. Idan za ki sayi na buhu, na 'yan tsaki daban, na masu tasowa daban, na masu ƙwai daban, kuma kada a ba 'yan tsaki na masu ƙwai, yawan kalsiyam ɗinsa yana lalata musu ƙoda. Idan za ki haɗa da kanki, ga awon kilo 10 na masu ƙwai:

- kilo 5 na tsakin masara ko dawa ko gero
- kilo 2 na soyayyen waken soya da aka ɓarza, ko garin ƙuli-ƙuli
- kilo 1 da rabi na dusar alkama ko ta masara
- rabin kilo na garin busasshen kifi
- kilo 1 na garin laimiston (dutse mai kalsiyam) na abincin kaji, ko shi da garin ƙashi
- gishiri giram 30, da firimis (haɗin bitamin da ma'adanai) giram 25 daga shagon magungunan dabbobi

Waken soya ɗanye yana ɗauke da wani sinadari da ke hana narkewar abinci, don haka dole a soya shi ko a dafa a shanya. Idan ƙuli-ƙulin ko kifin mai gishiri ne, a cire gishirin da ke cikin awon. Laimiston ɗin nan kuma ba farar ƙasar shafen ɗaki ba ce, ita farar ƙasar ƙona su za ta yi. Ɓawon ƙwan da kuka ci ma kada a yar: a gasa shi sama-sama a daka, a zuba musu a wani gwangwani daban. Dakawar tana da dalili, don kada su gane kamanninsa su koyi fasa ƙwai.

Akwai furotin na kyauta da iyayenmu suka sani: gara. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu, totuwar masara da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a kan hanyar gara. Da safe a ɗauko a zazzage wa 'yan tsaki. Ganyen zogale, alayyafo, latas da ragowar kabeji a ɗaure su a rataya su riƙa tsattsaga. Su ne ke sa kwaiduwa ta yi ja. Kajin da ba sa fita a zuba musu ɗan tsakuwa ƙanana, da ita ƙundu ke niƙa hatsi.

Abin da ba a ba kaza: hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna. Mutane kan ware ruɓaɓɓiyar masara su ce ta kaji ce, alhali dafin da ke cikinta, aflatoksin, yana cin hanta, yana rage ƙwai, yana karya garkuwar jiki har rigakafi ya ƙi kamawa. Ragowar tuwo da ƙanzo ba laifi idan ba su yi tsami ba, amma miya mai gishiri da mai a bar ta. Haka irin shuka da aka gauraya da maganin ƙwari, a ɓoye shi nesa.

Mataki na huɗu: kwanci da reno

Kazar gida tana iya rufe ƙwai 8 zuwa 12, gwargwadon jikinta. Zaɓi waɗanda ba su wuce mako ɗaya ba, masu tsabta, marasa tsaga, kuma kada ki wanke su. Ki yi musu alama da gawayi don ki gane sabon da wata ta ƙara. Kafin ta kwanta a share gurbin a barbaɗa toka a ƙasan ciyawa, saboda kwarkwata na sa kaza ta gudu ta bar ƙwai. Ruwa da hatsi su kasance kusa da ita. A kwana na 7 zuwa 10, da dare, ki haska kowane ƙwai da tocila: mai rai za ki ga jijiyoyin jini sun bazu, wanda ya zama fayau kuma ki cire shi tun bai zama ɓara-gurbi ya fashe ya ɓata sauran ba. Kwana 21 ne ƙyanƙyasa. Ƙwan zabi kuma, idan shi kika sa mata, 26 zuwa 28.

Wahalar tana bayan ƙyanƙyasa. Kaza ta fito da 10, bayan wata biyu saura 3: shirwa ta ɗauka, sanyin asuba ya kashe, wasu sun faɗa kwata, wasu uwar ta ja su yawo har suka gaji. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ki tsare uwa da 'ya'yanta a babban kwando ko keji na mako 4 zuwa 6, da rana a fito da su inuwa a riƙa matsar da kejin, da dare a shigar da su. A ba su abincin 'yan tsaki na buhu, ko tsakin gero mai laushi da dafaffen ƙwai da gara. Ruwansu a faranti mara zurfi da tsakuwa a ciki don kada su nutse.

Idan 'yan kwana ɗaya kika sayo, ke ce uwar. Suna isowa a fara ba su ruwa mai ɗan sukari kafin abinci. Makon farko suna son ɗumi na maki 32 zuwa 35, a riƙa ragewa duk mako. Ba sai da ma'auni ba, su za su gaya miki: in sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi, in sun watse gefe suna haki, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci, daidai. Mai amfani da gawayi ta bari ya ruru a waje tukuna, kuma kada a toshe ɗakin ruf, hayaƙinsa yana kashe tsaki da mutum.

Mataki na biyar: rigakafi, kafin hunturu

Cutar da ke share kaji da sanyi ita ce Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926. Bairos ke kawo ta, kuma ba ta da magani. Ba kafso, ba barkono, ba ɓawon maɗaci, ba gautan kura. Waɗanda suka tsira bayan an ba su waɗannan, da ma masu tsira ne. Abin da ke aiki shi ne rigakafi, kuma yana da arha. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin irinsa da dama, ciki har da Lasota da kuma I-2. Shi I-2 an yi shi ne musamman don kajin karkara, ya fi jure zafi, kuma ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da ƙarami. Ana maimaitawa duk wata 4. Ki sa ɗaya ya faɗo a Oktoba, don garkuwar na ɗaukar mako 1 zuwa 2 kafin ta kama. Sai Fabrairu, sai Yuni.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma da an haɗa ta ba ta ajiyuwa. To ku haɗa kai da maƙwabta, ku sa rana ɗaya, ku kira malamin dabbobi. Hakan ma ya fi, don kajin unguwa tare suke kiwo. A sayo daga wurin da ke da firji mai aiki, a ɗauko cikin kula mai ƙanƙara, a yi aikin da sassafe a inuwa. Idan na ruwan sha ne kamar Lasota, a janye ruwa awa 1 zuwa 2 su ji ƙishi, a haɗa da ruwan rijiya mai tsabta a mazubin roba, ba ruwan famfo mai kulorin ba, su shanye cikin awa 2. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata.

'Yan tsakin kamfani suna buƙatar rigakafin cutar Gumboro a mako na 1 zuwa 2 sannan a maimaita, da na ƙyandar kaji a mako na 6 zuwa 8. Ki karɓi jadawalin daga inda kika saye su. Maganin tsutsar ciki kuma, irin su piperazine ko levamisole, duk wata 3 zuwa 4, musamman farkon damina da ƙarshenta.

Mataki na shida: idan kaza ta kwanta ciwo

Kaza tana ɓoye ciwo, don 'yan uwanta kan far wa mai rauni. Kafin ki gan ta a takure a lungu, ta kwana biyu tana fama. Shi ya sa tsayuwar minti biyar da safe lokacin da kike buɗe akurki ta fi kowane magani daraja: wace ce ta fito a ƙarshe, wace ce ta tsaya ba ta rububin abinci, yaya kashin daren jiya yake.

Da kin ga alama, ki ware ta nan take a kwali ko kwando, wuri mai ɗumi da shiru. Ruwa ne farko: lita ɗaya da babban cokali na sukari da ɗan gishiri a yatsa, na kwana ɗaya ko biyu, ko garin bitamin na kaji. In ba ta sha, ki ɗiga mata kaɗan-kaɗan a gefen baki ta haɗiye da kanta. Kada a ɗaga kanta a ɗura. Ƙofar numfashinta tana gindin harshe, ruwa na shiga huhu ta mutu a hannunki. Abinci mai laushi: dafaffen ƙwai, ko abincinsu da aka dama da ruwa. Ki fara sallamar masu lafiya kafin ki je wurinta, ki wanke hannu da sabulu, yara kuma su nisance ta.

Sai ki duba ta daga kai zuwa ƙafa. Koren zawo, fuka-fukai a sake, numfashi da baki buɗe, wuya na murɗewa, kaji na faɗuwa bi da bi: Niyukasil ce. Kashi mai jini a tsaki ɗan mako 3 zuwa 6 yawanci koksidiyosis ne, laimar shimfiɗa ke haifar da shi, kuma amprolium na maganinsa idan an yi sauri an kuma sauya shimfiɗar. Farin zawo mai ruwa a wannan shekarun na iya zama Gumboro. Kumburin fuska da majina mai wari da atishawa mura ce ta bakteriya, ita kam tana jin magani, amma likita ya zaɓa. Ƙuraje masu ɓawo a zanko da gefen ido ƙyanda ce, sauro ke yaɗa ta da damina. A shafa aidin, a taimaka mata da ci, yawanci tana warkewa cikin makonni. Ramewa alhali tana ci, ki zargi tsutsa. Baƙaƙen ɗigo manne a gefen ido ƙuma ce, a shafe su da basilin su shaƙe. Haka ƙafar da ta yi kaushi ta tattashi. Zanko fari fat da ƙin shiga akurki da dare alama ce ta ƙwarin da ke fitowa daga tsaga su sha jini, sai a yi wa ɗakin aiki, ba kazar kaɗai ba. Don Allah kada a shafa wa kaza fiya-fiya, kananzir ko baƙin mai.

Kazar da ƙwai ya maƙale mata za ki gan ta tana tafiya a tsaye, gindi ƙasa, tana yunƙuri tana shiga gurbi tana fita. A zaunar da gindinta cikin ruwan ɗumi minti 15 zuwa 20, a tsane ta, a shafa man gyaɗa a dubura, a ba ta garin ɓawon ƙwai cikin abinci, a sa ta a duhu. Kada a matsa, fashewar ƙwan a ciki ta fi maƙalewar haɗari. Idan kuma da safe kafin ta ci kika taɓa jakar abincin da ke gindin wuyanta kika ji ta cike da tauri, toshewa ce: a hana ta hatsi yini ɗaya, a bar mata ruwa, a ɗiga ɗan mai, a murza a hankali. Wadda zafi ya buge tana haki a kwance, a kai ta inuwa a tsoma ƙafafunta a ruwa mai sanyi.

Akwai wadda ba a jinyarta a gida. Idan kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, zanko ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu sun yi jaja-jaja kamar jini ya kwanta, a yi zargin murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, cikin watan kuma ta bayyana a Magarya ta Nijar, ta sake dawowa Kano a 2015. Tana kama mutum. Kada a yanka, kada a fige, kada a kai kasuwa. A sanar da ofishin dabbobi mafi kusa. Sayar da kaza mai ciwo don a rage asara zalunci ne ga wadda za ta saya ta kai wa nata garken.

Game da kafson mutane, ja da yalo da ake farkewa a zuba a ruwa duk lokacin da kaza ta yi tari: ba ya taɓa bairos, awonsa ba daidai ba ne, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da ɗanki zai buƙace shi ya ƙi aiki. Duk maganin da likita ya ba ki, ki cika kwanakinsa, ki kuma karanta kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama. Wadda ta mutu a ƙona ta, ko a binne a rami mai zurfin mita ɗaya a zuba toka ko farar ƙasa. Jefa mushe a bola ko bayan katanga shi ne raba cutar ga unguwa ta bakin karnuka da angulu.

Mataki na bakwai: tsohuwar kaza

Kaza na iya kai shekara 5 zuwa 8 idan ta samu kulawa, amma ƙwanta ya fi yawa a shekaru biyun farko, daga nan yana raguwa duk shekara. Kafin ki yanke mata hukunci ki tabbatar tsufa ne. Wadda take zubar da gashi tana sake sabo takan daina ƙwai na wata 2 ko fiye, sannan ta dawo. Furotin take buƙata a lokacin, ba wuƙa ba. Hanyar ganewa: ki laluba ƙasusuwa biyu da ke gefen dubura. Idan yatsu 2 ko 3 sun shiga tsakaninsu, zanko ja ne mai taushi, tana ƙwai. Idan yatsa ɗaya ne da ƙyar, zanko ya yanƙwane, ta tsaya.

Ni dai ina ganin tsohuwar kazar Hausa da ta iya reno ba ta sayarwa ba ce. Ba ta tashi daga kan ƙwai, ta san inuwar shirwa tun daga nesa, ta san inda ake samun gara. Sagara kan watsar da kwancin farko, ita kuwa ko ƙwan Noiler ko na zabi kika sa mata za ta fitar ta raina. Irin wannan ta biya abincinta ko ba ta ƙara saka ƙwai ko ɗaya ba.

Riƙonta na buƙatar 'yan gyare-gyare. A sauko mata da sandar kwana kusa da ƙasa, don dirowa daga sama na fasa mata tafin ƙafa ya kumbura ya yi ƙurji. In ƙananan suna korarta daga abinci, a ƙara mazubi na biyu a wani gefe, ko a ba ta nata ita kaɗai, a jiƙe. Idan ta daina ƙwai gaba ɗaya a mayar da ita kan abincin masu tasowa, kalsiyam a ajiye gefe, saboda yawansa na wahalar da ƙodarta. Hatsi zalla kuma yana tara mata kitse. Farcenta da ya yi tsawo a datse bakinsa kaɗan. A riƙa duba ƙarƙashin fiffikenta, don ta rage birgima, kwarkwata ta fi samunta. A raba ta da zakara mai yawan hawa, a kuma tsare ta daga sanyin asuba da zafin tsakar rana, su ne suka fi kayar da tsofaffi.

Wadda ba ta ƙwai ba ta reno, kuma lafiyarta ƙalau, a yanka ta tun tana da tsoka. Namanta da tauri amma romonta ya fi na kowace, sai dai a ba shi wuta a hankali. Wadda kuwa cikinta ya kumbura ya cika da ruwa, ko ƙafafunta suka shanye, ko ta daina ci ta rame duk da jinya, barinta tana wahala ba tausayi ba ne. A wasa wuƙa sosai, a kai ta inda sauran ba sa gani, a hutar da ita da sauri kamar yadda addini ya koyar, sannan a binne, kada a ci. Kuma tun tana da ƙarfinta ki riƙa ware sagaru biyu ko uku daga cikin 'ya'yanta duk shekara, don iya kwanci da reno gado ne a wurin kaji.